Wai Bar Mata Aka Yi

Ibadan, farkon Satumba

Mamata, Alhaja Segilola,

Na durƙusa gwiwa biyu ina gaishe ku. Ya Legas da hayaniyarta, ya 'yarku Bisola da jego, ya sabon maigidan naku? Allah ya raya shi, ya sa ya ɗauko hancin ubansa ya bar na gidanmu. Na san kun hana a kira ku a waya tun da kunnen ya fara yi muku gardama, shi ya sa na ba direban da ke kai muku garin alabo wannan takarda.

Mama, ku fito da ashokenku na biki ya sha iska. Digirin nan na biyu da kuke cewa ya fi cikin giwa daɗewa ya zo gangara. Kwalejin horon malamai ta ba ni aikin koyarwa, sharaɗinsu ɗaya ne, in kai shaidar kammalawa kafin Disamba ta fita, in ban kai ba, su ba wa wanda ke bi mini. Baba, ƙanen nan naku, ya riga ya gaya wa duk mutanen masallacin unguwa, don haka ko ina so ko ba na so sai na gama.

Kun sha tambayata wai me nake aunawa a kan 'ya'yan mutane. To ga shi a taƙaice. Akwai wani ciwo da ke kama masu ƙoƙari, mutum ya yi nasara amma zuciyarsa ta riƙa gaya masa ba tasa ba ce, kuskure aka yi, kuma wata rana asirinsa zai tonu. Dokta Oyewusi, wanda ke duba aikina, ya samo takardar tambayoyi da ake auna wannan da ita a ƙasar waje, ya shekara biyu yana mai da ita Yarbanci don yaran firamare. Nawa aikin shi ne in gwada in ga ko yara sun fahimci tambayoyin, kafin a buga ta a raba wa makarantu.

Tsohuwar makarantarku ta Iseyin na je, na so a ce kuna gida. Hedimasta Adigun ya karɓe ni hannu biyu, ya ba ni ofishinsa, har ya zauna tare da mu don kada yaran su yi mini wasa. 'Yan aji shida suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya, mata su durƙusa, maza su kwanta rub da ciki, ladabi dai irin wanda kuka bari. Sai in karanta wa yaro, misali, "In na ci jarrabawa, ba ƙoƙarina ba ne," ko "In aka yabe ni, nakan ji ban cancanta ba," ko "Ina tsoron wata rana a gane ban iya komai ba." In ce ya maimaita mini da bakinsa, sannan ya ce e ko a'a. Ko ɗaya bai yi tuntuɓe ba. Na tambaye su ko sun gane, suka ce sun gane, Ma.

Sai ga abin da ban nema ba. Da na haɗa amsoshin, tara cikin goma na yaran suna da ciwon. Dokta da ya gani sai da ya miƙe daga kujera, mutumin da ko gobara ba ta tashinsa. Ya ce, "Ɗiyata, kin tono abin da ke binne." Zai kai sakamakon wani babban taro a Nuwamba, da sunana a ƙarƙashin nasa. Abin da ya rage mini kawai in sa hannu a rahoto cewa yara sun fahimci takardar, in kare aikina, in zo ku sa mini albarka.

Ku gaida Bisola, ku ce mata ta rage ci, jego ba gasa ba ne.

'Yarku,
Ibironke

*

Legas, tsakiyar Satumba

Ibironke,

Na amsa gaisuwarki, tashi haka. Muna lafiya, jaririn yana da huhu, hancin kuma namu ne, sai haƙuri. Garin alabo ya iso kuma ya yi kyau. Takardarki ma ta iso.

Na karanta ta da tabarau, na cire tabarau na sake karantawa ko zan ga wani abu dabam, ban gani ba. Bari in tuna miki wani abu. Shekarar da kika zo ta ɗaya a aji biyar, Iya Risi maƙwabciyata ta yaba miki a tsakar gida. Kika zube ƙasa kika ce ba ke ba ce, Allah ne da addu'ar iyaye, har da sunkuyar da kai kamar wadda ta yi sata. Ban gama jin daɗin tarbiyyarki ba na jiyo ki a bayan ɗaki kina gaya wa Bisola cewa kanta dusa ce a ciki, ke kuwa ko barci kike sai kin ci ta. Da an kawo miki takardar Dokta a ranar, wace Ronke ce za ta amsa?

Iyayen yaran nan da kika tambaya, ni na koyar da su, kuma ni na koya musu wannan amsar, wasu da baki, wasu da ranƙwashi. Mu ne fa muke cewa in doyarka ta yi fari, rufe ta da hannu ka ci. Wane ɗan Iseyin ne zai kwanta a gaban baƙuwa daga jami'a, ga Adigun zaune da bulalarsa a kan tebur, ya buɗe baki ya ce ƙoƙarinsa ne? Uwarsa ta ji labari ai ranar ba zai ci tuwo ba. Kin tambaye su ko sun gane sun ce sun gane. Da kin tambaye su ko rana daga yamma take fitowa, da sun ce haka ne, Ma.

Ban ce babu ciwon ba. Akwai shi, na gan shi da idona tun ba a ba shi suna ba. A kowane aji za ki samu ɗaya, in ya yi yawa biyu, kuma ba su ne masu faɗa ba. Amma tara cikin goma, a garin da yaro ke cika baki tun bai iya ɗaura wando ba? Haba 'yar nan.

Ki koma. Ki bar ofis, ki bar Adigun da shayinsa, ki cire takalmin nan mai tsini. Wuri ɗaya na sani a ƙasarmu da aka yarda yaro ya cika baki ko a gaban mai furfura, shi ne gaban allon ayo, wasan nan mai gurabe irin dara. Makullin gidana na wurin Iya Risi, allon marigayi mijina yana ƙarƙashin gado da 'ya'yansa a cikin gwangwani. Ki ajiye shi a inuwa ki zauna a ƙasa, ki yi tambayoyinki in wasa ya yi zafi. In kin dawo da tara cikin goma, ni da kaina zan yi miki rawa a bakin tasha.

Ashoken yana nan a akwati, ba ya ruɓewa. Allah ya yi miki albarka.

Mamanki

*

Iseyin, Oktoba

Mama,

Ina gaisuwa, gwiwoyina a ƙasa. Ina fata kuna shirin dawowa, gidan ya yi shiru, kuma akuyar Iya Risi ta mai da barandarku tata.

Gaskiya takardarku ta ɓata mini rai. Na yi ta cika ina batsewa, na ce tsohuwa tana can tana wankan jego tana gyara wa jami'a aiki. Na zo Iseyin ne don in kawo muku tara ɗinku cikin goma in ga rawar. To ku ajiye ƙafafunku, babu rawa.

Na ajiye allon a ƙarƙashin bishiyar kashu ta bayan makaranta, bayan an tashi. Da farko suka tsaya nesa suna kallona kamar mai sayar da maganin gargajiya. Da na zauna a ƙasa na zuba 'ya'yan a gurabe, wani yaro Lasisi ya matso. A takarda Lasisi ne ya fi kowa ciwon, duk tambayar da na yi masa a ofis e ya ce, kansa a ƙasa, har na sa masa alama na ce wannan yana bukatar taimako da gaggawa. Mama, yaron nan bai kwashe gurbi biyu ba ya fara. Ya ce wa abokin wasansa ya je ya kira kakansa ya taya shi, ya ce hannunsa ba na riƙe 'ya'yan ayo ba ne, na tallan ƙosai ne. Wani ya zo wucewa ya ce ya gaida gwani ya gaida ɗan koyo, Lasisi ya ce gwani na amsawa, ɗan koyo ba shi da baki.

Ana cikin haka na tambaye shi yadda ya yi da jarrabawar lissafi. Bai ko ɗago ba ya ce, "Lissafi? Anti, wanda ya haɗa tambayoyin ma ya san da zamana."

Na ce to me ya sa ya gaya mini a ofis cewa ba ƙoƙarinsa ba ne.

Ya dube ni kamar na tambaye shi sunan uwarsa. "Haba Anti, a gaban Hedimasta? So kuke a ce ba a koya mini komai a gida ba?"

Na ce shi a ganinsa me takardar take tambaya. Ya ce ai kowa ya sani, ta gwada ladabi ce, kuma yana jin shi ya zo na ɗaya. Sauran suka ce haka ne, har wata ta ce uwarta ta sa ta maimaita amsar a gida don kada ta ba su kunya. Na yi dariya har da hawaye, ina dariyar ina ganin babi na huɗu na aikina yana rushewa.

Wannan duk mai sauƙi ne. Akwai wata yarinya Ashake, 'yar wani masaƙi a bayan kasuwa, ita ke zuwa ta ɗaya tun suna aji uku. A takarda ita ce ta fi kowa lafiya, komai a'a ta ce mini, da sauri kuma. Ba ta so ta buga ba, ƙawayenta suka turo ta. Ta zauna gaban Lasisi shiru, ta share shi tas, yara suka yi ta ihu suna cewa a kawo masa tiren ƙosai. Ita kuwa ta tura 'ya'yan tsakiyar allo kamar suna ƙona ta, ta ce hankalinsa ne ba ya wurin. Na ce to ta zo mu buga. Kun san ni marigayi ya koya wa, kuma ban sassauta ba. Ta cinye ni, sannan ta durƙusa ta ce, "Anti, kun bar mini ne." Ba irin ta ladabi ba ce, Mama, na san ta ladabi, ni ma gwanarta ce. Da gaske take.

Na raka ta gida. Mun kusa rumfar masaƙa, ana jin ƙarar ƙoshiyar saƙa, sai ta tsaya ta tambaye ni a hankali ko takardar ta kama ta. Na ce kama ta da me. Ashe tun ranar da na zo ta ɗauka an aiko ni ne daga Ibadan in gano wanda ke zuwa na ɗaya bisa kuskure. A wurinta malamai na ba ta maki ne saboda rubutunta na da kyau, kuma babanta na yi musu saƙa da rangwame. Don haka ta ce a'a ga komai, ta amsa yadda take jin mai ƙoƙari na gaske zai amsa, ta koma gida ta yi ta jiran a zo a kira sunanta a taron safe. Ta ce ba ta son zama jarrabawar makarantar kwana, don can babu wanda ya san babanta, ranar farko za a gane. Na rantse mata babu wanda ya aiko ni kama kowa. Ta ce to, Ma, irin to ɗin da ake ce wa manya. Na koma gidanku na zauna a bakin gado na yi kuka, tausayinta ya kama ni, kuma na ji kunyar alamar lafiya da na sa mata da hannuna.

Yanzu ga inda nake. In na sa hannu a rahoton, babu wanda zai taɓa sani, lissafin ya yi kyau, Dokta na murna, aikina na jirana. Ƙawata Folake ta ce in sa, in gyara a digiri na uku, wai ba a gyaran rufi ana ruwa. In na ƙi, sai an sake tambayoyi, an sake gwaji, Disamba kuwa ba za ta jira ni ba. Amma takardar nan makarantu za a raba wa. Za ta tara su Lasisi a ɗakin mai ba da shawara, ta sallami su Ashake ta ce lafiyarsu ƙalau. Ba zan sa hannu ba. Wannan ban ko yi shawara da matashina ba. Abin da ban sani ba shi ne yadda ake gaya wa mai furfura cewa shekara biyu ya yi yana auna tarbiyya. Ranar Litinin zan shiga wurinsa, ku sa ni a addu'a.

Kada ku gaya wa Baba tukuna.

'Yarku,
Ibironke

*

Sashen Nazarin Halayyar Yara, Ibadan
Ƙarshen Oktoba

Zuwa ga Alhaja Segilola Ajadi,

Ranki ya daɗe, ina gaisuwa da girmamawa, tare da barka da dawowa daga Legas da kuma barka da samun jika. Ba mu taɓa haɗuwa ba, amma sunanki ba baƙo ba ne ga duk wanda ya yi harkar makaranta a yankin nan.

Na rubuto ne a matsayin uba, ba a matsayin malami ba, domin in yaro ya kauce gida ake fara kai ƙararsa. Ibironke na cikin ɗalibai mafiya hazaƙa da na taɓa riƙewa. Sai dai ta zo ofishina ta durƙusa, ta shaida mini cewa ba za ta sa hannu a rahoton gwajin da ita da kanta ta gudanar ba. Kalmominta su ne, "Sa, yaran sun gane kalmomin, amma tambayar da suka amsa ba ita kuka yi musu ba." Na ce ta tashi, ta ƙi. Na fita na halarci taron sashe na dawo, na same ta a inda na bar ta. Ban taɓa ganin taurin kai da ladabi sun haɗu a jiki ɗaya haka ba.

Hujjarta ita ce abin da wasu yara suka faɗa a wurin wasan ayo. Ranki ya daɗe, ayo wasa ne mai daraja, ni ma na buga shi a ƙuruciya kuma ba a cika cina ba, amma ba hanyar bincike ba ce. Takardar nan an gwada ta a ƙasashe da dama. Ɗan abin da na yi a kanta, wanda ba iyawata ba ce, ikon Allah ne da addu'ar magabata, ya bi duk ƙa'idar da aka sani, kuma alƙaluman da suka fito ba su da aibu.

Abin da ya fi damuna ita ce. In ba ta sa hannu a makon nan mai zuwa ba, ba zan iya sa ta cikin masu kare aikinsu a bana ba, kuma aikin kwalejin zai wuce ta. Na fahimci tana jin maganarki fiye da ta kowa. Ina roƙo ki yi mata magana.

Na gode, Allah ya ƙara girma.

Dokta B. A. Oyewusi

*

Iseyin, farkon Nuwamba

Dokta,

Na amsa gaisuwa, na kuma gode. Wani malamin da sai dai mu ji an kore ta, kai kuwa ka kawo ƙara gida, wannan ya nuna daga gidan mutunci ka fito. Allah ya saka.

Taurin kan nata ba a ƙasa ta tsince shi ba, kuma ba zan ɓoye maka ba, ni na aike ta wurin allon. Don haka ƙarar da ka kawo, wurin mai laifin ka kawo ta.

Ni ban san alƙaluma ba, iyakata rajista da alli. Amma na karanta takardarka da kyau, na ga inda ka ce aikin da ka shekara biyu a kansa ba iyawarka ba ce, ikon Allah ne da addu'ar magabata. Sai layi na gaba ka ce ba shi da aibu, kuma a ayo ba a cika cinka ba. To Dokta, in na ɗauko takardar tambayoyinka na karanta maka a gaban surukinka, e za ka ce ko a'a? Kuma in ka ce e, mu kai ka wurin mai ba da shawara? Kai da wani yaro Lasisi da ke nan garin, uwa ɗaya ta raine ku, sunanta ƙasar Yarbawa. Waɗanda suka rubuta takardar can a ƙasarsu, na ji an ce yaro yakan dubi idon ubansa ya ce ni na yi, a tafa masa. Takardar ba ta yi ƙarya ba, baƙuwa ce, ba ta san gaisuwar gari ba.

Ba na son 'yata ta rasa aikin nan. Ubanta ƙanena ne, na san yadda ya ɗora ransa a kai, kuma ni zai zo ya zauna wa a baranda yana huci. Saboda haka ga abin da nake roƙo. Iseyin ba nisa. Ka zo ranar Asabar, ba da rigar jami'a ba, in tuƙa maka amala da miyar gbegiri irin wadda Ibadan ta manta. In ka ci ka wanke hannu, akwai wata yarinya da takardarka ta ce ta fi kowa lafiya a ajinsu, sai ku buga ayo kai da ita. Ba zan gaya mata ko kai waye ba, zan ce baƙona ne mai cika baki. In ka tashi daga allon nan kana nan a kan bakanka, ni zan jawo Ibironke da kunne har ofishinka.

Gani ya kori ji. Sai ka zo.

Alhaja Segilola Ajadi

*

Ibadan, Alhamis

Mama,

Ina gaisuwa. Saƙonku ya iso, na ji kun ce kada in zo ranar Asabar, ba zan zo ba. Amma Mama, da sa hannuna kuka yi caca? Kunnena naku ne, ku ja shi har Ibadan in kuna so, hannun dai ba zai rubuta ba, ko Dokta ya ci Ashake ko ta ci shi. Ina faɗa muku tun yanzu don kada ku ji kunya a gabansa.

Jiya kwalejin suka kira suna tambayar ranar da zan kawo takarduna. Na ce musu akwai gyara a aikin, mai yiwuwa ya wuce Disamba. Matar ta ce za ta gaya wa shugabansu. Baba kuma ya ji, ban san ta ina ba, ya daina amsa gaisuwata sai da kai. Abin yana mini ciwo, ba zan ce ba ya yi ba. Amma na fara rubuta sababbin tambayoyi, irin waɗanda yaro zai amsa a kan wani yaro a cikin labari, ba a kan kansa a gaban manya ba, kuma ina jin za su yi.

Ku ba Ashake abinci kafin wasan, ba ta iya cewa tana jin yunwa.

'Yarku,
Ibironke

*

Ibadan, Lahadi

Ibironke,

Ina fata kina lafiya. Jiya na je Iseyin.

Na janye takardata daga taron Nuwamba. Aikinki ba zai shiga bana ba, sai Maris, ba ni da yadda zan yi in gaggauta shi. Na rubuta wa shugaban kwalejin da hannuna na gaya masa jinkirin daga wurina yake, na roƙe shi ya jira ki. Bai ba ni amsa ba, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba ya hannuna ba. Babanki ni zan je in same shi.

Ki zo gobe da sababbin tambayoyinki. Ki zauna a kujera, gwiwoyin sun isa haka.

Yarinyar ta cinye ni sau uku. Kowane karo sai ta durƙusa ta ba ni haƙuri, ta ce na bar mata ne saboda ni babba ne. Na rantse mata, Alhaja ta rantse mata, ta ce to, Sa. Ibironke, Allah ne shaidata, da dukan ƙarfina na buga.

Malaminki,
B. A. Oyewusi